Groton: Yadda jihar Konetikat ta riƙe sansanin sojan da ba nata ba

Ranar Juma'a 13 ga Mayun 2005, sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya fitar da jerin sansanonin sojan da ma'aikatarsa ke son a rufe. Manya 33 ne a ciki. Wanda ya fi kowanne yawan guraben aikin da za su salwanta shi ne sansanin jiragen yaƙi masu nutso da ke garin Groton, a bakin kogin Thames, kudu maso gabashin jihar Konetikat. Lissafin Pentagon da kanta, wato ma'aikatar tsaron, ya nuna cewa wajen guraben aiki 8,460 ne za su tafi kai tsaye, na sojoji da fararen hula da 'yan kwangila. Idan aka haɗa da masu cin abinci a jikinsu, adadin ya doshi 15,800, wato sama da kashi 9 cikin ɗari na duk ayyukan yankin Norwich da New London. Za a raba jiragen tsakanin Norfolk a jihar Bajiniya da Kings Bay a jihar Jojiya, makarantar horar da ma'aikatan jiragen kuma a kwashe ta zuwa Jojiya.

Wanda ya san garin bariki irin su Jaji ya san abin da wannan ke nufi ba sai an yi masa bayani ba: mai gidan haya, da mai shago, da makanike, da mai abinci a kasuwar mami, duk albashin soja suke jira ƙarshen wata. Bambancin kawai shi ne a Amurka akwai doka da ke ba gwamnatin tarayya damar ta tashi sansanin baki ɗaya, kuma ta sha yi.

Sansanin Groton na tarayya ne. Gwamnan jiha ba ya ba da umarni a cikinsa, ba ya karɓar harajin filinsa, ba shi da ƙuri'a a kan makomarsa. Duk da haka gwamnatin jihar ce ta tsaya a gaba wajen kare shi, daga baya kuma ta ci bashi ta gina wa rundunar sojan ruwa gine-gine a cikin shingensa. Abin da ya sa ta yi haka, da abin da ya biyo baya, shi ne abin dubawa.

Gari mai abokin ciniki ɗaya

Dangantakar ta daɗe. Jihar ce da kanta ta ba sojan ruwa filin, eka 112, a 1868. An yi shekaru ana amfani da wurin wajen ajiye tsofaffin jirage da loda kwal, har a 1912 aka kusa rufe shi, sai ɗan majalisar yankin, Edwin Higgins, ya hana. Jiragen nutso na farko sun iso a 1915, a 1916 kuma aka ayyana wurin a matsayin sansanin jiragen nutso na farko a ƙasar. Makarantarsu tana nan har yau, kuma kusan duk wanda zai yi aiki a cikin irin wannan jirgi a rundunar Amurka sai ya bi ta Groton.

Ƙasa kaɗan da sansanin, a gaɓar kogin guda, akwai masana'antar Electric Boat, reshen kamfanin General Dynamics. A nan aka ƙera Nautilus, jirgin nutso na farko a duniya mai aiki da makamashin nukiliya, wanda aka sa a ruwa a Janairun 1954, ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a 1958, yanzu kuma yake ajiye a gidan tarihi a bakin ƙofar sansanin. Wato masu zana jirgin, da masu ƙera shi, da masu koyon tuƙa shi, da masu fita da shi teku, duk suna cikin 'yan kilomitoci. Dukkansu kuma aljihu ɗaya ke biyan su.

Akwai wani abu game da tsarin Konetikat da ya kamata a sani. Jihar ta soke gwamnatocin gundumomi tun 1960. Garuruwa 169 ne, kowanne da kasafinsa, daga su sai gwamnatin jiha a Hartford, babban birnin jihar. Garuruwan kuma da harajin gidaje da filaye suke riƙe makarantunsu. Filin tarayya ba a karɓar masa wannan haraji, amma 'ya'yan sojoji makarantun gari suke shiga. Akwai tallafin da tarayya ke bai wa irin waɗannan makarantu tun 1950, sai dai garuruwa sun daɗe suna kukan ba ya cike giɓin. Saboda haka idan babbar matsala ta taso, ba wata hukuma a tsakiya da za ta ɗauka. Ko jiha ta shigo, ko ƙaramin gari ya fuskanci Pentagon shi kaɗai.

Ƙarshen Yaƙin Cacar Baka ya girgiza yankin. A 1992 gwamnatin George Bush babba ta nemi dakatar da shirin jiragen Seawolf, waɗanda aka yi niyyar ƙera kusan talatin, aka ƙare da uku. Dubban ma'aikatan Electric Boat sun rasa aiki a shekarun nan. A 1993 Pentagon ta nemi kwashe jiragen daga Groton a bar makaranta kawai, hukumar da ke tantance jerin ta ƙi. A 1996 kuma aka rufe cibiyar binciken yaƙin ƙarƙashin teku da ke unguwar Fort Trumbull a New London, tsallaken kogi, wadda ta ɗauki fiye da mutum 1,500 aiki.

Abin da ya rufa wa yankin asiri a lokacin ba dabarar gwamnati ba ce. Gidajen caca biyu ne na ƙabilun asalin ƙasar, Foxwoods da aka buɗe a 1992 da Mohegan Sun a 1996, suka kwashi dubban mutane aiki. Mai walda da ya saba da albashin masana'antar soja ya koma raba kati ko gadin ƙofa, da kuɗin da bai kai na da ba.

Gwajin farko: a kawo wani abokin ciniki

Kafin jihar ta koma ga kare sansanin, ta gwada ɗaya hanyar, wato a jawo wata sana'ar daban. Labarin nan an fi saninsa a littattafan shari'a, ba a cika haɗa shi da batun sansanin soja ba, alhali daga rufe cibiyar Fort Trumbull ya samo asali.

Tun 1990 wata hukumar jiha ta sa New London a jerin garuruwan da ke cikin ƙunci. A 1998 rashin aikin yi a birnin ya kusa ninka na jihar, mutanensa kuma ba su kai 24,000 ba, adadi mafi ƙanƙanta tun 1920. A watan Janairun shekarar jihar ta amince da takardun lamuni na dala miliyan 5.35 don tsara sabunta unguwar, da miliyan 10 don mayar da tsohuwar ganuwar Fort Trumbull wurin shaƙatawa. Wata guda bayan haka kamfanin magunguna na Pfizer ya sanar zai gina cibiyar bincike ta dala miliyan 300 a maƙwabtaka. Aka tsara otal da ofisoshi da gidaje masu tsada. Don a samu fili, aka ce masu gidajen unguwar su sayar, wanda ya ƙi kuma a karɓe da ƙarfin doka a biya shi diyya.

Wasu suka ƙi, magana ta kai Kotun Ƙoli. Ranar 23 ga Yunin 2005, ana tsakiyar fafutukar ceto sansanin, kotun ta yanke hukunci a shari'ar Kelo, ɗaya daga masu gidajen, da birnin New London, alƙalai biyar suka goyi bayan birnin, huɗu suka ƙi. Aka rushe gidajen. Otal ɗin bai zo ba. A Nuwamban 2009 Pfizer ya ce zai bar ginin New London, dab da ƙarewar rangwamen harajin shekara goma da aka yi masa. Filin da aka kori mutane daga kai ya shekara fiye da goma ba komai a kansa sai ciyawa, har bayan guguwar Irene ta 2011 aka riƙa jibge rassan itatuwa a wurin. Kuɗin jama'a da aka zuba sun kusa dala miliyan 80. Jihohi fiye da 40 sun gyara dokokinsu na karɓe fili saboda fushin da hukuncin ya tayar.

Ginin na Pfizer kuwa, Electric Boat ne ya saye shi a 2010 kan dala miliyan 55, jihar ta tallafa masa da miliyan 15, ya zuba injiniyoyinsa a ciki. Ginin da aka yi don a rage dogaro da soja, masu zana jiragen yaƙi ne suka gaje shi.

Wata uku na 2005

Tsarin rufe sansanoni, wanda ake kira BRAC a taƙaice, an ƙirƙiro shi ne don a ɗaure hannun 'yan siyasa. Kowane ɗan majalisa yana son a rage kashe kuɗi, amma ba a mazaɓarsa ba. Don haka dokar 1990 ta ce Pentagon ta kawo jeri, wata hukuma mai zaman kanta ta tantance, shugaban ƙasa ya karɓa duka ko ya mayar duka, majalisa ma ko ta bari ya wuce duka ko ta yi watsi da shi duka. An yi zagaye a 1988 ƙarƙashin wata dokar da ta gabace ta, sai 1991, 1993, 1995, sai na 2005. Ƙofa ɗaya ce ta rage wa garin da aka sa a jeri: ya gamsar da mafi yawan kwamishinoni tara cewa Pentagon ta kauce wa ƙa'idojinta da kanta. Ƙa'idojin kuma sun sa darajar sansani ta fuskar soja a gaba. Wahalar da gari zai sha tana cikin lissafi, amma can ƙasa.

Wannan shi ya tsara yadda Konetikat ta yi faɗanta. Gwamna Jodi Rell 'yar Rifablikan ce, haka ɗan majalisar wakilai na yankin, Rob Simmons. Sanatocin jihar biyu, Chris Dodd da Joe Lieberman, da babban lauyan jiha Richard Blumenthal, 'yan Dimokurat ne. Suka haɗu a tawaga ɗaya tare da wata ƙungiyar yankin da ta ƙunshi tsofaffin hafsoshin jiragen nutso, wadda ta san wannan gwagwarmaya tun 1993. Jihar ta ba da kuɗi da ma'aikata: masana tattalin arziki, da jami'an muhalli, da lauyoyi, da masu bin diddigin alƙaluma.

Masana tattalin arzikin jihar sun fitar da nasu lissafin, cewa idan sansanin ya tafi ya ja Electric Boat tare da shi, guraben aiki 31,500 da dala biliyan 3.3 a shekara ne ke cikin haɗari. Wannan adadi ya yi amfani wajen tayar da jama'a, kuma sun fito bakin hanya da kwalaye ranar da kwamishinoni suka kawo ziyara. Amma tawagar ta san ba shi zai ci shari'ar ba, domin kowane gari a jerin yana da irin kukansa. A zaman sauraron bahasi da aka yi a Boston ranar 6 ga Yuli, ƙarfinsu suka sa a wani wuri.

Pentagon ta ce rufewar za ta ci dala miliyan 680 sau ɗaya, ta kuma rage kashe kusan dala biliyan 1.6 cikin shekara 20. Tawagar ta bi alƙaluman layi-layi, ta ce an rage kuɗin gina sababbin matsayar jirage da ajujuwa da gidaje a Jojiya da Bajiniya, an kuma kumbura ribar da za a samu. Ta ce makin da aka ba Groton na darajar soja bai ƙirga abin da ya fi muhimmanci ba, wato zaman makaranta da jirage da masana'anta wuri guda. Blumenthal ya ɗauko batun gurɓatar ƙasa: sansanin yana cikin jerin wuraren da tarayya ta ayyana a matsayin mafiya gurɓata tun 1990, akwai kuma yarjejeniyar tsaftacewa da jihar ta sa wa hannu, saboda haka sojan ruwa ba za su kulle ƙofa su tafi a kan arha ba. Tsofaffin manyan hafsoshi suka rubuta wasiƙu suna cewa bai dace a rage wurin ajiye jiragen nutso ba a daidai lokacin da Sin ke ƙara nata.

Wasiƙar da ta fi jan hankali ta zo ne daga Jimmy Carter. Ɗan Jojiya ne, a zamanin mulkinsa sojan ruwa suka karɓi Kings Bay, kuma jiharsa ce za ta fi kowa cin ribar rufe Groton. Amma a Groton ya yi makarantar jiragen nutso yana matashin hafsa, a nan kuma aka ƙaddamar da jirgin da ke ɗauke da sunansa a Fabrairun 2005. Ya rubuta wa hukumar cewa a bar sansanin. 'Yan siyasar Jojiya ba su ji daɗi ba ko kaɗan.

Ranar Laraba 24 ga Agusta, hukumar, ƙarƙashin Anthony Principi, ta jefa ƙuri'a: bakwai suka ce a cire Groton daga jerin, ɗaya ya ƙi, ɗaya ya janye kansa. A rana guda ta ceci tashar gyaran jirage ta Portsmouth da ke Kittery a jihar Maine, ta kuma yanke a rufe sansanin jiragen sama na Brunswick a jihar ta Maine, wanda Pentagon ma ragewa kawai ta nema. An rufe Brunswick a 2011.

Murnar ba ta daɗe ba. A Disamban shekarar Electric Boat ya sanar zai rage ma'aikata har zuwa 2,400, saboda jirgi ɗaya tak ake saya a shekara, shi ma rabawa ake yi da masana'antar Newport News ta Bajiniya. Shi kuwa Simmons, wanda ya yi ta kai gwauro yana kai mari a kan sansanin, ya faɗi zaɓen 2006 a hannun Joe Courtney da ratar ƙuri'a 83. Siyasa ba ta riƙe alheri.

Jiha ta ci bashi ta yi wa tarayya kyauta

Darasin da Hartford ta ɗauka shi ne cewa da ƙyar aka sha, kuma maki ne ya kusa kashe sansanin. Gine-ginensa sun tsufa, matsayar jiragensa ƙanana ne, ga ƙuncin wuri tsakanin kogi da tudu. Gwamna Rell ta kafa kwamiti kan faɗaɗa hanyoyin arzikin kudu maso gabas, amma babban abin da ya fito daga wannan zamani ya karkata ga ƙarfafa sansanin ne. A 2007 majalisar jiha ta kafa Ofishin Harkokin Soja, ƙaramin ofis da aikinsa shi ne sa ido kan Washinton da riƙe hulɗa da sojan ruwa kullum, ba sai an ga jeri ba. A shekarar kuma ta amince a ci bashin dala miliyan 50 ta takardun lamuni don gyara kayan cikin sansanin. Daga baya an rage zuwa miliyan 40.

Sai da aka yi aikin lauyoyi kafin a samu hanyar da rundunar za ta karɓi kuɗin jiha, aka bi ta dokar da ta ba sakataren sojan ruwa ikon karɓar kyauta. A Satumban 2009 sakataren, Ray Mabus, ya zo Groton ya karɓi kason farko, dala miliyan 7.65: miliyan 4.65 don gina wa masu ninƙaya da ke gyaran jirage a ƙarƙashin ruwa mazauni, miliyan 3 don sabuwar tukunyar tururi a tashar wutar sansanin. A lokacin an bayyana shi a matsayin karo na farko da wata jiha ta biya cikakken kuɗin gini a cikin sansanin tarayya. A watan ne kuma kasafin kuɗin jihar ya zama doka ba tare da sa hannun gwamna ba, bayan watanni ana taƙaddama kan giɓin da karyewar tattalin arzikin 2008 ta haifar. Jihar da ke neman inda za ta rage kashe kuɗi ce ta saya wa Pentagon tukunyar tururi.

Ayyukan da suka biyo baya ƙanana ne, amma an zaɓe su da wayo. An gina ɗakin koyon girki da aka kwaikwayi kicin ɗin jirgin nutso samfurin Virginia, da ginin na'urar koyon tuƙin jirgi a saman ruwa. An ba garuruwan Groton da Ledyard kuɗi su sayi filayen da ke jikin shinge, don kada wani ya gina abin da zai takura wa tsaro, domin matsowar gari kusa da sansani na rage masa maki. An gyara hanyar da ke zuwa babbar ƙofa. Daga baya jihar ta ba da dala miliyan 5 don sansanin ya iya riƙe wutarsa ko da layin gari ya ɗauke, aka haɗa da tashar kamfanin FuelCell Energy mai ƙarfin megawat 7.4. A shekara goma na farko abin da aka kashe bai kai rabin kuɗin da aka ware ba. Ta ɓangaren mutane kuma, jihar ta shiga yarjejeniyar jihohi da ke sauƙaƙa wa 'ya'yan sojoji sauya makaranta, ta kuma cire harajin jiha gaba ɗaya daga fanshon soja daga 2015.

A ganina, idan kuɗin kawai aka duba, cinikin ya yi arha. 'Yan miliyoyi ne a kan abin da ke shigo da biliyoyi, kuma sojan ruwa sun biyo baya da nasu kuɗin, suka rushe tsofaffin gine-gine, suka sake gina matsayar jirage. Wanda ya zuba sabon siminti a wuri ba ya saurin barinsa. Masu suka suna da tasu hujjar, kuma ba ta da rauni: tsaron ƙasa aikin tarayya ne, mutanen Konetikat sun riga sun biya harajinsa, yanzu ana sake karɓa daga hannunsu ta bayan gida. Bayan haka ba ita kaɗai ke wannan wasa ba. Teksas tana da asusun tallafa wa garuruwan sansanoni tun 1997, masu zaɓenta kuma sun amince da rancen har dala miliyan 250 a 2003. Fulorida ta kafa nata kwamitin a 2011. Idan kowace jiha ta ɗaga makin sansaninta, jerin na gaba zai faɗa ne kan jihar da ba ta da kuɗin shiga gasar, ko da sansaninta ya fi amfani.

Akwai kuma abin da ba za a iya tabbatarwa ba: ba a sake wani zagayen BRAC ba tun 2005. Pentagon ta nemi izini sau da dama, majalisa ta hana. Saboda haka inshorar da Konetikat ta saya ba a taɓa gwada ta ba.

Abin da ya dawo da ayyuka

Ayyukan sun dawo, amma ta wata ƙofa. Courtney, mai ƙuri'a 83 ɗin nan, ya samu kujera a kwamitin harkokin soja na majalisar wakilai, ya matsa har aka fara sayen jiragen Virginia biyu a shekara daga 2011. Sai kuma shirin jiragen Columbia masu ɗauke da makaman nukiliya, wanda Electric Boat ne babban ɗan kwangilarsa. Matsalar yankin ta juya: da ana neman aiki, yanzu ana neman ma'aikata.

Nan ma jihar ta shigo. A watan Mayun 2018 Gwamna Dannel Malloy ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 83 da kamfanin: rancen miliyan 35 na sayen injuna, rangwamen harajin saye har miliyan 20, miliyan 20 na yashe kogi, da miliyan 8 na horar da ma'aikata. Kamfanin ya ɗau alkawarin ƙara ma'aikata kusan 1,900 da zuba jarin sama da dala miliyan 850 a jihar. Tun 2016 hukumar samar da ayyuka ta gabashin jihar ta fara wani shiri, da tallafin tarayya na dala miliyan 6, inda ake ɗaukar mutumin da bai taɓa riƙe na'urar walda ba, a horar da shi 'yan makonni a kwalejoji da makarantun sana'a, a tura shi masana'anta. Cikin duk abin da aka yi a wannan labari, wannan ne nake ganin ya fi taɓa talaka kai tsaye, domin sana'ar tana hannunsa ko da kwangila ta ƙare. A 2023 kaɗai Electric Boat ya ɗauki fiye da mutum 5,000, ma'aikatansa a Konetikat da Rhode Island kuma sun haura 20,000. Bayan yarjejeniyar tsaro ta AUKUS ta 2021 tsakanin Amurka da Birtaniya da Ostireliya, sojojin ruwan Ostireliya ma sun fara zuwa makarantar Groton.

Sai dai a lura da inda aka tsaya. Pfizer ya rage girmansa a yankin. Gidajen caca sun rage ma'aikata tun da jihohin maƙwabta suka buɗe nasu. Ƙafar da ta yi ƙarfi ita ce ta soja, wadda aka kafa kwamiti a 2005 don a rage jingina da ita. Albashin yana da kyau, kwangilolin kuma na shekaru masu yawa ne, amma Seawolf ma haka aka ɗauke shi kafin 1992.

Ƙorafin da ake ji a garuruwan yanzu na gidan haya ne. Sababbin ma'aikata da iyalan ƙananan sojoji suna neman ɗakuna iri ɗaya, kuɗin haya ya tashi, wasu na tuƙo mota daga nesa kullum. Wannan kuwa jiha ba za ta iya magance shi da kyauta ga sojan ruwa ba, domin a Konetikat kowane gari ne ke da ikon cewa ga irin gidan da za a gina a filinsa, kuma da yawa daga garuruwan da ke kewaye da Groton ba sa son benaye masu ɗakunan haya.